Tsarabar Makka da Na Sayo a Kano

Ba zan faɗi sunana ba. Ba kunyar kaina nake ji ba, wannan ta ƙare tun ranar da aka fito da ni daga gida mata suna leƙe ta kan katanga. Jikoki gare ni da suke zuwa makaranta da sunan gidanmu, su kuwa ba su ci komai ba. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, faɗa nake ana rubutawa, na kuma ce kada a sa wa maganata sukari. Da ku nake, 'yan mata da zawarawa, da ku samarin da kuke ganin arziki sai an haye teku.

Ni 'yar Haɗeja ce, a nan aka binne cibiyata. Dillanci na gada a wajen gwaggona. Mijina ya rasu ya bar min yara ƙanana, da ƙullin kayan dillanci na rene su har suka kawo ƙarfi. Dillaliya ita ce macen da ba a rufe wa ƙofa. Maigida zai hana matarsa fita, ya hana ƙawayenta shigowa, amma ni ina yin sallama sai in ji, "Shigo mana, Inna." Har ƙuryar ɗaki nake shiga. Na san wadda ta sayar da zanen aurenta a ɓoye don ta sai wa ɗanta magani, na san wadda tukunyarta ta kwana biyu ba ta hau murhu ba amma take wanke ta a tsakar gida don kada a gane. Na yi shekaru a haka ban ci amanar kowa ba.

Farkon lalacewata ƙaramin abu ne. Wata mata ta ba ni ɗan kunnenta na gwal in sayar mata ba da sanin mijinta ba. Ya yi daraja fiye da yadda muka zata. Da na dawo sai na faɗa mata ƙasa da abin da aka saya, na kuma karɓi la'adata a kai. Ta yi godiya, ta bi ni da addu'a har zaure. Na taho ina jiran ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Na ci tuwona, na yi barci lafiya. Daga ranar na koyi abu biyu: mai buƙata ba ta bincike, kuma wadda ta yi abu a ɓoye ba ta da bakin kai ƙara. A kan waɗannan biyun na gina duk abin da ya biyo baya.

A Kano, wajen sarin atamfa, wani mai shago ya haɗa ni da wani mutum. Zan kira shi Alhaji Sabo, ba sunansa ba ne. Ejan ne, mai yi wa mutane hanyar Saudiyya. Fari, mai ƙamshi, ba ya ɗaga murya.

"Hajiya, an ce babu gidan da ba kya shiga a Haɗeja."

Na ce, "Ni ba Hajiya ba ce, Alhaji. Ko Kaduna ban taɓa zuwa ba."

Ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne. Buɗe bakinki in gani."

Lokacin ana shirin aikin Hajji. Na gaya wa 'ya'yana wani bawan Allah ya biya min kujera ta jirgin yawo, shi ya sa ba zan bi ayarin garinmu ba. Na ɓuya a wani ɗaki da Alhaji Sabo ya kama min a Kano har alhazai suka fara dawowa. Ya kai ni wajen wani mai sa haƙori a wani lungu, aka maƙala min na gwal. Na dawo Haɗeja da abaya baƙa da haƙorin Makka. Mata suka cika gidana, wasu suna shafa hannuna suna shafawa a fuska. Matar limamin unguwarmu ta ce in ba su labarin Ka'aba, na ba su abin da na gani a talabijin, har wata tsohuwa ta yi kuka.

Aikina mai sauƙi ne. In shiga gida da atamfa, in fito da mace. Ina ce musu akwai aikin gida a can, shara da wanke-wanke da reno, albashi da riyal, ga ɗawafi duk ranar da kika ga dama. Takardu kuwa cikakku. Wadda ta yarda za ta sayar da abin da take da shi, in kai ta wajen Alhaji Sabo ya yi mata fasfo da biza. Idan yarinya ce sai a haɗa ta da wani namiji a takarda a ce muharraminta ne, mutumin da ba ta taɓa gani ba sai a filin jirgi. Kowane kai ina da kasona.

Da farko ban san abin da ake bugawa a fasfon ba, ban kuma tambaya ba. Na sani ne ranar da Asabe ta dawo. Ita ce bazawarar da na fara turawa. Ta shigo ɗakina da silifa da leda ɗaya a hannu, ta rame kamar kara.

"Inna Hajiya, kin san abin da kika tura mu?"

Ita ta wayar min da kai. Bizar da ake ba su ta Umra ce, ta ibada, kwanakinta ƙidayayyu ne. Ba ta ba mutum izinin ɗaukar ko tsintsiya da sunan aiki. Izinin zama da aiki wata takarda ce daban, igama, ita kuwa sai wanda ya ɗauke ki aiki ya nema miki ta hanyar hukuma tun kafin ki bar gida. Ranar da bizar Umra ta ƙare kin zama takari, mai zaman ɓoye. Ba ki da ikon zuwa asibiti, ba ki da ikon kai ƙara in an hana ki albashi, in an doke ki sai dai ki haɗiye. Kina jin jiniya ki shige bayan tukunya. Ita a titi aka kama ta, aka kai ta tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a koro, ta yi watanni a can kafin a sako su a jirgi.

Na ba ta turmin atamfa, na ce ta rufa min asiri. Ashe ma ban buƙaci roƙo ba. Kafin sati ta ciyo bashi ta sa haƙorin gwal, tana gaya wa mutane hutu ta zo. A ƙasarmu babu mai dawowa daga Makka ta ce ta sha wuya. Wa zai yarda? Za a ce ita ce ba ta da albarka. Kunyar mutanenmu ita ce jarina, ta fi duk abin da Alhaji Sabo ya ba ni.

Na dai yi masa maganar. Ya ce, "Haba Hajiya. Ƙasa mai tsarki fa muke kai su. Wadda ta mutu a can ma ai ta dace. Mu lada muke samu."

Na karɓi wannan magana na yi matashin kai da ita, don tana da laushi.

Sai iyaye suka fara damuna da tambaya. Kowa na cewa 'yarsa shiru, ba waya, ba aike. Ina ce musu Larabawa ba sa barin 'yan aiki su riƙe waya, wannan kuwa akwai gaskiya a ciki. Amma magana ba ta cika ciki. A nan na ƙirƙiro dabarar tsaraba. Wannan tawa ce, ba zan ɗora wa Alhaji Sabo ba. Duk sanda na je Kano sai in sayo dabino, da bagaruwa, da kwalli, da carbi, da darduma, da 'yan kayan yara. In sayi ƙananan jarkoki in cika su da ruwan famfo in ce zamzam ne. In ƙulla kowane gida nasa, in ce wata Hajiya ce ta dawo, 'yarku ta ba ta saƙo. Na ga dattijo ya miƙe tsaye ya fuskanci alƙibla ya sha ruwan famfon Kano yana addu'a, ni ina cewa amin. Ƙulli ɗaya yana rufe bakin gida guda, ya kuma buɗe min gida uku a maƙwabta, don duk wadda ta ga dardumar sai ta ce ita ma tata 'yar ta tafi.

Shekarar da ruwa ya ci shinkafa tun daga Auyo har ƙauyukan Kirikasamma, ba ni nake neman mata ba, su suke nemana. A cikinsu Yagana ta zo. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Kirikasamma, asalinsu mutanen gabas ne, doguwa, baƙa, mai zane a kumatu. Mijinta masunci ne, ya tafi su tafkin Chadi bai dawo ba. Ta zauna a bakin tabarmata ta ce, "Inna Hajiya, 'ya ɗaya gare ni, saboda ita zan tafi." Ta yi ta bayani a kan yarinyar, bakinta yana motsi, ni kuwa ina duban damatsanta ko za ta iya aiki, ina lissafin ko gonarsu za ta kai kuɗin kujera. Na ji dai yarinya ce, ta kai shekarun shiga makaranta. Sauran ya bi iska.

Uwarta, Iya Falmata, ita ta sayar da gonarsu ta fadama da kwale-kwalen da surukinta ya bari. Ranar tafiya ta rako ta har Haɗeja. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ba ta da yawan magana. Ta ce in nuna mata fasfon. Na miƙa mata, muka duba tare, ni da ita babu mai iya karanta harafi. Bambancinmu kawai ni na san abin da ke ciki.

"Hajiya, takardar ta aiki ce ko?"

"Ta aiki ce, Iya."

"Ke kin je kin ga wurin, ni ban taɓa wuce Haɗeja ba. Ga amana nan. Ba ni da wata sai ita."

Na ce amana ta karɓu.

Su ba su da waya, ƙauyen ma sai an hau tudu ake samun sabis, don haka lambata Yagana ta haddace. Ban iya karatu ba amma na iya buɗe saƙon murya. Na farko ta aiko ta wayar wata, ta ce sun sauka lafiya, ta yi Umra ta yi mana addu'a, matar da ta tarbe su ta karɓe fasfonsu wai za ta ajiye musu. Na biyu muryar ta canza. Bizar ta ƙare, ana yawo da ita gida gida, albashin kuma matar ce take karɓa wai tana cire kuɗin ci da kwana. Na uku tari ne ya fi maganar yawa. Ta ce ƙirjinta ne, ta roƙi a kai ta asibiti an ce za a tambayi igama, matar gidan kuma ta ce ba ta son mai tari kusa da 'ya'yanta.

Kowane saƙo da abu ɗaya take rufe shi. "Inna Hajiya, don Allah ki kai wa Iya muryata ta ji."

Ina saurara in goge. Ta yaya zan kai? A ƙauyen nan akwai 'yan mata da iyayensu suka fara yi min magana.

Na ƙarshe gajere ne. Ta ce an fitar da ita, tana kwana wajen wasu takaru a wani kango. "Ki ce wa Alhaji ko tarhil ne a kai ni, in dai zan dawo gida." Na faɗa masa. Ya ce ita ta sani, ya cika nasa alkawarin tunda ta taka ƙasar. Na kira lambar bayan kwana biyu wani namiji ya ɗauka yana Larabci, ya kashe. Daga nan ban ƙara jin Yagana ba.

Iya Falmata kuwa duk ranar kasuwa sai ta aiko masu kawo kifi su tambaye ni. Aiken ya yi yawa har na ga zai ɓata min kasuwa. Sai na haɗa mata tsaraba mai kyau, wadda ta fi ta kowa, na ce da kaina zan kai, in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Yadda na saba, duk mai 'ya mace ƙarama ina sa mata riga da takalmi. Na zaɓo wani ja mai ƙyalli.

Na hau mota zuwa Kirikasamma, na hau babur, daga nan sai kwale-kwale, muna kutsawa cikin kachala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa. Kafin in isa labari ya riga ni. Tsakar gidan Iya Falmata ya cika da mata. Aka shimfiɗa min tabarma, aka kawo ruwa. Na kwance ƙulli ina fitarwa ɗaya bayan ɗaya, ina jan lokaci yadda na iya. Ga darduma da carbi, na Iya ne. Ga dabino a raba wa maƙwabta. Ga zamzam. Tsohuwar ta rungume jarkar a ƙirjinta.

Sannan na ɗaga takalmin sama don kowa ya gani. Na ce, "Wannan na 'yarta ne. Ta ce ta sa ranar Sallah ta yi yawo, ta nuna wa ƙawayenta."

Gidan ya yi tsit. Na zaci kyan takalmin ne. Wata mata ta sunkuyar da kai, wata ta ja ɗanta ta fita. Iya Falmata ta ajiye jarkar a ƙasa a hankali, ta juya wajen ɗaki.

"Fanna, fito ki gaida Hajiya."

Yarinyar ta fito da jan gindi, tana dafa ƙasa da hannuwa. Ƙafafunta biyu sirara ne, a naɗe, suna biye da ita kamar ba nata ba. Shan inna ne tun tana goye. Ta iso bakin tabarma ta ce, "Ina wuni, Hajiya," idonta a kan takalmin.

Iya ta ce, "Yagana ce ta ce ta sa ta yi yawo?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakin dillaliya ba ya iya zama. Na ce, "Kin san hidimar can da yawa, Iya, wataƙila ta sha'afa ne."

"Uwa ta sha'afa da ƙafar 'yarta." Ba tambaya ta yi ba. "Keken guragu ta tafi nema mata, don ta je makaranta kamar 'ya'yan kowa. Ta ce min ta faɗa miki, a ɗakinki, har kika ce Allah ya ba da lafiya."

Ta nuna jarkar da haɓa. "Wannan fa, ruwan ina ne?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Hajiya, ban tambaye ki gona ba, ban tambaye ki kwale-kwale ba. Tana raye?"

Na ce, "Tana nan lafiya ƙalau."

Ku ji da kyau. A gaban yarinyar nan, bayan asirina ya gama tonuwa, ƙarya na sake yi. Harshe in ya saba, mai shi ma ba ya iya tare shi.

Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka kawo min tuwo da miyar kifi, don baƙuwa ce ni, ta zauna tana kallona har na kai loma biyu da ƙyar. Ta sa ɗan ƙaninta ya tuƙa ni zuwa tudu. Ashe ina cikin jirgin ita tana ƙofar bulama, mai garinsu.

Kafin sati ya zagayo hukumar da ke kama masu safarar mutane ta zo gidana. Abin da kunya ta rufe shekara da shekaru, tsohuwa ɗaya ta buɗe. Da aka ji wata ta yi magana sai kowa ya samu baki. Iyaye suka riƙa zuwa da dardumomina da jarkokina suna zubewa a gaban jami'ai. Asabe ma ta zo ta ba da shaida. Na ba da lambar Alhaji Sabo, aka kira a kashe. Aka je shagonsa aka tarar ana sayar da cajar waya, mai shagon ya ce bai taɓa jin sunan ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wani tsuntsun yana da rumfa. Har yau ban ji an kama shi ba, na kuma tabbata yana wani garin da wani sunan, yana ce wa wata dillaliya ta buɗe bakinta ya gani.

A kotu alƙali ya tambaye ni wace shekara na yi aikin Hajji, ina fasfona. Na ce ban taɓa mallakar fasfo ba. Kotun ta ɗauki guna-guni. Aka yanke min shekaru.

Ba zan ba ku labarin gidan yari don ku tausaya min ba. Wake ne da gari, da ƙwarƙwata, da bokiti ɗaya a lungu, da yarinyar da kika haifi uwarta tana ce miki ke, tashi. Amma akwai rufi a kaina, in na yi zazzaɓi ana ba ni ƙwaya, an san sunana, an san ranar fitata. Matan da na tura ko wannan ba su samu ba.

Babban ɗana sau ɗaya ya zo. Shi da ake kira ɗan Hajiya a kasuwa. Ya tsaya ta bayan ragar ƙarfe bai zauna ba, ya ce, "Inna, haƙorin ma ƙarya ne?" Na ce ƙarya ne. Ya ajiye ledar sabulu ya juya. A satin na roƙi wata mai gadinmu ta kai ni aka ɓalle haƙorin.

Akwai wata malama da take zuwa tana koya mana addini. Ni da na kai wannan shekarun sai a can na gyara Fatihata. Wata rana na tambaye ta ko Allah zai yafe wa irina. Ta ce, "Inna, abin da ke tsakaninki da Allah, in kin tuba yana yafewa ko ya kai tudun duniya. Amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe da bakinsa." Na ce in ba a san inda mai shi yake ba fa? Ta ce, "Sai ki neme shi."

Da aka sake ni ban tarar da gida ba, an sayar an biya waɗanda aka iya biya. 'Yata ta ba ni ɗaki a bayan gidan mijinta, da sharaɗin ba na shiga gidan kowa. Na bi waɗanda suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Wata ta yafe, wata ta rufe min ƙofa, wata ta tofa min yawu, duk na karɓa. Kowacce ina tambayarta ko ta ga Yagana. Wata ta ce ta ga mai kama da ita a tarhil, wata ta ce an ce ta rasu an binne ta da waɗanda ba su da takarda, wata ta ce tana bara a bakin wani masallaci. Babu wadda za ta dafa Alƙur'ani a kan tata maganar.

Sai na koma ƙauyen. Iya Falmata tana nan, idonta ya yi hazo. Fanna ta zama budurwa, tana zaune a ƙofar ɗaki tana saƙa faifai. Ba ta yi makarantar ba. Na yi sallama, tsohuwar ta gane muryata tun ban ƙarasa ba.

"Kin fito."

"Na fito, Iya. Na zo neman gafara."

Na durƙusa na faɗa mata komai, bizar, da tarin, da kangon, da muryoyin da na goge. A nan ne kawai ta motsa.

"Ta yi min magana?"

"Ta yi. Kowane saƙo sai ta ce a kawo miki."

"Me ta ce?"

Na faɗa mata abin da na iya tunawa. Ba shi da yawa. Ta sa na maimaita, na sake maimaitawa, Fanna ta ajiye saƙarta tana ji.

Can ta ce, "Yanzu ki faɗa min abu ɗaya, ki ji tsoron Allah. In ta mutu in yi mata sadaka in huta. In tana raye in ci gaba da jira. Wanne ne?"

Na ce, "Ban sani ba, Iya."

Ta gyaɗa kai. "Yau dai kin faɗi gaskiya." Sannan ta ce, "Gonata da jirgina na yafe miki, ba na son in tsaya da ke gobe kiyama a kan ƙasa da katako. Amma abin da kike nema ba a hannuna yake ba. Ba ni kika sayar ba. Ki nemo ta ki roƙe ta."

Na juya wajen Fanna. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da saƙa.

To ku saurara, 'ya'yana. Neman aiki a wata ƙasa ba laifi ba ne, talauci ma ba wasa ba ne, na san shi tun ba a haife ku ba. Amma bizar ibada ba izinin aiki ba ce, ko wa ya rantse muku. Kafin ki sayar da ko akuya, ki karɓi takardar a hannunki ki kai wa wanda ya iya karatu, wanda ba ya cin komai a tafiyarki, ya faɗa miki abin da aka rubuta. Ki san sunan wanda zai ɗauke ki aiki, ki san hukuma ta san da ejan ɗin. Wanda ya ce ki tafi tukuna a gyara takarda a can, rami yake gina miki. Kada ki ba kowa fasfonki ajiya. Kada haƙorin gwal ya ruɗe ku, a lungu ake sa shi. Iyaye kuma, kada dabino ya rufe muku baki, ku ce sai kun ji muryar 'yarku da kunnenku. Wadda ta je ta sha wuya ta dawo, ta faɗa, shirunku ne yake ciyar da irina.

Ku kuma masu wayo, masu ganin za ku ci da gumin wasu, ku dube ni. Na yi zaman da alƙali ya yanke min har na gama, amma ina sallah ina azumi da haƙƙin da ban san inda zan kai shi ba, ga kabari yana matsowa.

Akwai waɗanda wannan magana za ta iske a can, masu zaman ɓoye da masu takarda. In kun san wata Yagana, doguwa, baƙa, mai zane a kumatu, 'yar ƙasar Kirikasamma, ko kun san inda aka binne ta, ku aiko wa mutanenta. In da ranta, ku ce mata uwarta tana nan tana jira, 'yarta ta girma. Kada ku ce ni na aiko ku. Ba za ta yarda da saƙon da ya fito daga bakina ba.